Wadda Ta Amsa

"Hajiya, babu mace ko ɗaya cikin masu ba da shawararmu ta intanet," in ji ma'aikacin buron, ofishin ba da shawara na Konni.

Hajiyar, malamar lakwal ce, makarantar boko, ta yi sororo, turmin atamfa a hannunta. Tun daga Illela ta taso don ta yi godiya. Wata uku ke nan, tun da ta yi ɓari barci ya ƙaurace mata, take tura saƙon murya zuwa lambar da ta ji a rediyo. Kullum wata dattijuwa ce ke amsawa: ki ci abinci, ki fito tsakar gida, ki gaya wa maigidanki abin da kika gaya mini. Ta bi, ta kuwa samu sauƙi.

Ma'aikacin ya duba wayarta. "Lambarmu da bakwai ta ƙare. Ke kuwa ɗaya kika rubuta a ƙarshe."

To wa ta kwashe wa sirrin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba? Ta fito waje ta kira lambar.

"Malama, wai ke wace ce?"

"Wace malama, ɗiyata? Albasa nake nomawa a Badagishiri."

"Inna, don mi ba ki ce mini na yi kuskure ba?"

"Kuka kike yi ranar. In ce miki mi?" in ji tsohuwar. "Ni ma sau huɗu ɓari ya same ni, ba wanda ya zauna ya saurare ni. Kar ki daina kirana."