Maganin Aro

Kafinta dama ba mai son zama ba ne, amma 'yan watannin nan jikinsa ya fi shi rashin natsuwa. Da ya sunkuya ɗaga katako sai zuciya ta hau dukan uku-uku, kai ya sara, gumi ya jiƙa riga sharkaf. Hannun da ya shekara ashirin yana jan zarto a miƙe sai ya kama rawa. Tsoro ya rufe shi, bai kuma san tsoron me ba. Minti goma, abin ya wuce kamar ba a yi ba.

"Maigida, mu je asibiti. Wannan ba gajiya ba ce," in ji matarsa.

"Sau biyu ana auna ni a kemis, lafiya lau."

Bai gaya mata cewa sai abin ya lafa yake zuwa awon ba.

Ran nan abin ya taso masa a shago, yayansa na nan. Yayan mai hawan jini ne, kuma tun da ya sayi na'urar awo ya naɗa kansa likitan dangi. Ya ɗaura masa, lamba ta yi sama.

"Ciwona ne sak! Ungo wannan ƙwayar, ita ke kwantar min da bugun zuciya."

"Yaya, ba a tambayi likita ba?"

"Ni ɗin fa? Wanda ya riga ka kwana ai ya riga ka tashi."

Ƙin karɓa raini ne, sai ya haɗiye. Kwana uku yana sha. A na huɗu ya ciccibi ƙyauren ƙofa, ya zube cikin dusar katako, baki ya karkace.

Aka kwashe shi sai asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ta zaunar da matar da yayan.

"Ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda. Shi ke tsarto sinadarin firgita cikin jini, musamman in an matsa ciki. Da kun zo da wuri, da tiyata ta raba shi da shi lafiya. Wannan ƙwayar kuwa, in an sha ta ita kaɗai a irin ciwonsa, ƙara tsuke jijiyoyi take yi."

An cire ƙarin, bugun zuciyar ya daidaita. Hannun dama da ya shanye dai bai dawo ba. Kullum Yaya kan zo ya tarar da zarton a rataye ba mai ja, ya zauna, ba ya iya haɗa ido da shi.

Jama'a, ba kowane hawan jini ne iri ɗaya ba. Ciwon da ke zuwa ya tafi, a kai shi asibiti a faɗi yadda yake zuwa. Ana aron guduma, ba a aron magani.