Dajin da Aka Hana Wa Wuta

An yi wani malamin jami'a da ya ba da rayuwarsa ga binciken yadda daji ke farfaɗowa bayan ɓarna. Aka ba shi wani yanki na kurmi a bayan wani ƙauye, mai marke da taura da kaɗanya. Shekarar da ya zo, ya tarar mutanen ƙauyen suna da wata al'ada: da an gama girbi, ciyawa na da sauran ɗanye, sai su cinna wa dajin wuta. Wutar takan bi ƙasa a hankali, ta lashe ganye, ta mutu kafin la'asar. Ganin hayaƙin ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya samo takarda daga hukuma, ya kewaye yankinsa da waya, ya hana wuta, ya hana kiwo, ya hana yankan ciyawa. Wani tsohon makiyayi ya tsaya a bakin wayar ya ce, “Malam, dajin da bai sha ƙaramar wuta ba, babba yake tara wa.” Malamin ya yi masa godiya, ya ci gaba da aikinsa. Daga nan makiyaya suka canja hanya, mata masu tsintar kaɗanya suka daina zuwa. Shekara goma sha ɗaya yana auna kaurin itatuwa yana rubutawa, ba mai yi masa sannu sai kurciya. Abincinsa ma shi kaɗai yake ci a gindin wani marke. Itatuwan kuwa suka yi kyau, gamba ta wuce tsayin mutum, busasshiyar ciyawar bara ta kwanta a kan ta bariya.

A shekara ta goma sha biyu, tsakiyar bazara, wani mai ɗibar zuma ya yar da bakin wutarsa kusa da wayar. Wutar da ta tashi ba ta bi ƙasa ba, sai da ta hau har ƙololuwar itatuwa, ta kwana biyu tana ci. Da ta mutu, malamin ya shiga toka har idon sawu, yana ɓantarar ɓawo ko zai ga ɗanye, bai gani ba. A hayin wayar kuwa, inda ƙauyawa suka ƙona tun kaka, wutar ba ta sami abin ci ba ta tsaya, taura har ta fara toho. Ya daɗe a tsaye yana duban can. Ya nemi tsohon makiyayin don ya ce masa ya yi gaskiya, aka ce ai ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya koma ya zauna a kan wani kututture mai sauran ɗumi, ya rubuta abin da ya gani, bai rage komai ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.