Goron da ya bushe a aljihu

Ka ce Turawa na da kalmar zurfin tunani wadda asalinta daga tuƙar saniya ne, wato ta dawo da ciyawar da ta haɗiye ta sake taunawa. Sun lura da kyau. Sai dai saniya in ta gama tuƙa haɗiyewa take yi, har a samu nono. Bari in ba ka misalin wanda bai haɗiye tasa ba.

Wani manomi ne, mutum mai nazari, wanda ko gaisuwa sai ya juya ta kafin ya amsa. Ranar rabon gadon mahaifinsu, wansa ya ce a gaban jama'a, "Kada a ba shi gonar fadama, ba zai iya riƙe ta ba." Ya haɗiye maganar ya koma gida, ya ɗauke ƙafa daga gidan wan. Kullum in ya ba saniyarsa harawa sai ya zauna kusa da turke, ita tana tuƙa, shi ma yana tasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ran nan wan ya aiko masa da goro a ƙunshe cikin ɗanyen ganye, da saƙon ya zo su zauna. Kowa ya san abin da goron babba ke nufi in ya je hannun ƙarami: an sauko ke nan. Har ga Allah ransa ya yi sanyi, yana kuma son zuwa. Amma ya ce bari ya yi tunani tukuna. In ya je da wuri, za a ce dama jira yake. In ya ci goron kafin ya je, ya yafe ke nan tun ba a ba shi haƙuri ba. Ya sa ƙunshin a aljihu, yana yayyafa masa ruwa, yana shirya kalmomin da zai faɗa, yana warwarewa yana sake ɗinkawa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, har ya manta da yayyafa ruwan. Ranar da ya gama shirya maganar tsaf, ya sa riga ya kama hanya. Tun daga bakin unguwa ya hangi mutane zaune jingim a ƙofar gidan. Wan ya rasu da hantsi, har an kai shi. Matar marigayin ta ce masa, tun ranar da aka aika goron nan, kullum la'asar sai mijinta ya sa a shimfiɗa tabarma biyu a zaure, magariba ta yi a naɗe ɗaya ba wanda ya zauna a kai. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙunshin. Ganyen ya zama gari, goron ya bushe ƙamas, ko haƙori ba ya kama shi. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar mutuwar ubansu, ga magana shiryayya a baki, babu kunnen da zai ji ta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, da na sani ƙeya ce, a baya take.