Sanduna Biyu da Aka Bari Ba Shafi

Kai da kake ɗokin rufe ɗakinka kafin ruwa ya sauka, tsaya ka ji misalin wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma gonarsa, can inda ko turken lantarki bai taɓa zuwa ba. Ya haƙa rijiya, ya tanadi farantan sola, ya ta da ɗakin ƙasa domin shi da iyalinsa. Azarar giginya, wadda gara ke shakka, ta yi wuyar samu, sai ya nemo sandunan itacen turare goma sha biyu. Tsohon maginin da ya ɗauka ya hura wuta, yana babbaka bakin kowace sanda har ya yi baƙi, ya shafe ta da man darbejiya, ya jingine ta sha iska. Shi kuwa malamin nan, Allah ya yi shi da bin diddigi, ba ya haɗiye magana sai ya tauna. Abin ya ɗaure masa kai: me ya sa ake wahala a kan bakin da za a binne cikin bango, inda ido ba zai ƙara gani ba? Da ya tambaya, magini ya ce, "Malam, ai gara ba ta ƙofa take shigowa ba." Amsar ba ta ishe shi ba. Ya ce a bar masa sanduna biyu ba wuta ba mai, yana so ya ga bambancin da idonsa. In ɓarna ta nuna, ai man yana nan, sai ya shafa. Magini ya dube shi, ya ɗora su yadda ya ce, aka rufe da ƙasa.

Duk wata sai ya hau kujera ya ƙwanƙwasa sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Shekara biyu duk amo ɗaya suke yi, har ya fara yi wa tsohon dariya a ransa. A shekara ta uku, dab da faɗuwar damina, sandunan nan biyu suka amsa masa kamar ƙwaryar da ba komai ciki. Ya danna da babban yatsa, yatsan ya nutse. Wallahi da farko murna ya yi, don ya sami amsarsa. Sai ya dubi ƙasa, ya ga gadon matarsa ne daidai ƙarƙashinsu. Ya ɗauko mai da sauri, amma ina zai shafa? Gara ta bi ta cikin bango, ta cinye ciki ta bar masa ɓawo. Dole aka sauke farantan sola da ke kan ɗakin, aka yaye rufin gaba ɗaya, ga hadari yana haɗowa daga gabas. A rumfar kara iyalinsa suka yi rabin damina.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.