Waken Marigayiya a Cikin Kwalba

Gyara zama ka ji wani misali. An yi wani manomi da matarsa ta zo gidansa da irin wake ƙulle a bakin zane, wanda mahaifiyarta ta ba ta ranar da za a kai ta ɗaki. Fari ne mai jan hanci, yana nuna da wuri, ga laushi a tukunya, ƙosansa kuwa sai ya tashi kamar an hura. Shekara arba'in tana shuka shi a gefen geron mijin, ita ke tsince iri, ita ke adana shi yadda ta sani, shi dai nasa ci da yabo. Da Allah ya karɓi ranta, sai mutumin ya tara waken ƙarshe da ta girbe ya jingine buhun a lungu, bai ko iya kallonsa. Ranar da ya kwance bakin buhun, damina ta kawo kai, sai ya tarar ƙwari sun mayar da shi gari. Da ƙyar ya tsinci cikin tafi ɗaya. Ya shuka, ciwo ya bi su yana murɗe ganye, suka mutu ɗaya bayan ɗaya har saura guda, ita ma in ta yi fure sai furen ya zube ba kwanso. Kullum da safe yakan tsuguna gabanta ya daɗe, yana ganin da hannunsa ya kashe abin da matar ta raina shekara arba'in.

'Yar autarsu tana aiki a wata cibiyar binciken noma a birni. Da ta zo ganin gida ta ga yadda uban ya rame, sai ta sa reza ta yanki kan tsiron, abin da bai kai farce ba, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar auduga ta tafi da shi. A can ta ɗora shi cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da kafaffen koko. Tsiron ya kumbura ya zama ɗan curi, ta rarraba curin a wasu kwalabe, kowane ya fid da ganye, daga baya ya yi saiwa. Rani guda ta yi tana wannan reno, waɗansu suka ruɓe ta sake, har da damina ta dawo ta sauka a mota da dashe talatin. Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Tun da duk daga jikin tsiro ɗaya aka ciro su, ya sa a ransa cewa waken matarsa ne zai dawo yadda yake, ba ragi ba ƙari. Ya yi musu shinge, ya hana awaki sakat.

Da suka girma sai ya fara ganin abin da bai zata ba. Yawancinsu sun yi yaɗo yadda ya saba gani, amma uku sun miƙe tsaye sun ƙi kwanciya, ɗaya ta yi farin fure alhali na marigayiya shuɗi-shuɗi ne, wata kuma kwansonta gajere. Ya jira kaka. Da aka girbe, ya baza tabarma ya ɓare na kowace daban. Ga masu jan hanci, ga waɗanda jan ya koɗe, ga ƙanana masu yamutsattsiyar fata. Ya sa aka dafa masa mafi kama da na da, ya kai loma biyu ya ajiye cokali. Da daɗi, amma harshensa ya san ba shi ba ne.

'Yar tana zaune a gefen tabarmar, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Baba, ka yafe mini. In aka raba tsiro a kwalba ya sake gina kansa, wani lokaci yakan sauya kaɗan, ba mai iya hana shi. Na so in dawo maka da na Inna ne.” Tana magana tana ture 'ya'yan waken da bayan yatsa, yadda uwarta take yi in tana tsince tsakuwa. Tsohon ya zuba mata ido. Muryar ta uwar ce, goshin ma haka, amma uwar gajera ce mai surutu da saurin fushi, wannan kuwa doguwa ce, sai ta yini ba ta ce uffan ba. Shekara talatin yana kallonta, bai taɓa jin an rage masa komai don ba ta zama uwarta ba. Ya ce, “Share hawayenki, auta. Ke ma daga jikinta kika fito, ba ki zama ita ba, ban kuwa taɓa cewa a sauya mini ke ba. Ni ne na je neman ta inda ba ta nan. Waɗannan jikokinta ne.” Ya jawo kwanon ya cinye sauran, ya ce a ƙaro.

Bai zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Da shekara ta zagayo ya ba kowane iri kunyarsa, ya koyi halin kowanne: wanda ke son a yi masa sammako da shuka, wanda ke jure ƙarancin ruwa, wanda bai dace da ƙosai ba amma ya fi kowa daɗi a alala. Kewar matarsa ba ta bar shi ba har ya koma ga Allah, sai dai ya daina ɗora wa masu rai nauyin zama wadda ta tafi. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, kama da wane ba ta wane.