Ranar da Ruwa Ya Taɓa Ƙusa

Direban katafila ya kashe inji ya jira, domin Inna ta rungume ginshiƙin baranda tana kuka, kuma babu mai ƙarfin halin ɓamɓare ta.

Gidan ya ga jiya ya ga yau. Surukin Inna ne ya gina shi a bakin kogi, tun zamanin da jiragen ruwa ke tsayawa a nan su sauke kaya, ko kuwa ɗauka suke yi, wannan kam ya kwanta mini. Abin da na riƙe shi ne zancen ƙusa. Ranar da aka gama ginin, tsohon ya buga wata doguwar ƙusa a jikin ginshiƙin katako na baranda, ya ce duk ranar da ambaliya ta taɓa ta, a rushe gidan. Kafin nan kuwa, wanda ya cire ko tubali ɗaya, bai yafe ba. Mijin Inna ya gaji maganar, ya maimaita ta yana kwance ciwon ajali, Inna kuma ta yi masa alkawari da bakinta ba za ta taɓa cewa a fitar da ita daga gidan ba.

'Ya'yanta suka girma suka koma kan tudu, inda bango ba ya gumi. Da rani sukan zo su ɗauki hoto a gaban tsofaffin tagogi, Yaya Babba ya shafa bango ya ce wannan tarihi ne, ba za a taɓa shi ba. Da damina sai dai gaisuwa ta waya. Inna ce mai jera bokitai a ƙarƙashin yoyo, ita ce mai zazzage kwaɗi daga takalmi, ita ce mai ɗora ƙafafun gado a kan bulo. Gwiwoyinta suka koma kuka kamar ƙofar kicin. In an tambaye ta, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau. Ni da gidan nan mutu-ka-raba."

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Kowane rani takan aro guduma wurin kafintan layinsu, wai za ta ɗaure abin da ya saki, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta. Farcen babban yatsanta na hagu bai taɓa rabuwa da baƙi ba.

Bayan kowace damina iyali kan taru su duba shatin da ruwa ya bari a jikin ginshiƙi. Shekara bayan shekara, tazarar da ke tsakaninsa da ƙusa sai raguwa take yi. Wata rana Auta ya tsaya yana shafa tabon da ke goshinsa.

"Inna, ba wannan ƙusar ce ta fasa mini goshi ina yaro ba? Yau ga ta a gwiwata."

"To da so kake ka dawwama ɗan yaye? Girma ka yi, sarkin surutu. Zo ka zubar mini da bokitin nan."

A bana guguwa ta yaye rabin kwano, kogi ya hau baranda ya leƙa falo. Inna ta buga waya tana shessheka. Da suka iso, ga ciyawar ruwa rataye a kan ƙusa, tana ɗiga. Yaya Babba ya zagaya ginshiƙin, ya tsuguna, ya miƙe, ya cire hula ya mayar. Daga ƙarshe ya ce wasiyya wasiyya ce, a kira katafila. Aka shirya wa Inna ɗaki a gidan Auta, mai tayil a ƙasa da rufin da bai san yoyo ba.

Da ƙyar dai aka lallashe ta ta saki ginshiƙin. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta roƙi alfarma ɗaya: kada kowa ya ɗauki katakon nan, a tura shi kogi, tunda kogi ne ya ci nasara. Kowa ya ce to. Katafila ta yi gurnani, gidan ya durƙusa kamar dama jira yake yi.

Auta dai kunnen ƙashi gare shi tun yana ƙarami. Ya raɗa wa direban ya ajiye masa ginshiƙin gefe, ya kai shi gida don ya zama abin tunawa. Washegari ya jingina shi a tsakar gida, ya ɗauko tsumma da ruwa zalla, ya fara wanke laka.

Sai katakon ya kama kumfa.

Ya ƙara gogawa. Sabulun da aka cusa aka shafe da toka ya narke, ramuka suka buɗe ido a saman ƙusar, ɗaya bisa ɗaya, tazarar yatsa tsakaninsu, har zuwa daidai goshin yaro. Auta ya waiwaya. Inna na kan kujera ta miƙe ƙafafu a busasshen tayil, ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "In ka gama, ka mayar wa kafinta gudumarsa. Na gama da ita."