Jaje Daga Nesa

Yayata ta tare ni a bakin zaure, ta hana ni shiga.

Da sassafe na baro Kiru, da na ji murar tsuntsaye ta kashe mata kaji ɗari uku cikin kwana biyu, ma'aikatan dabbobi kuma sun binne sauran. Ko dusa ban tsaya zuba wa nawa kajin ba, na taho yi mata jaje.

Na ce, "Yaya, ni ce fa."

"Na gan ki. Tsaya daga nan."

Raina ya ɓaci. Ko baƙo ba a barinsa a rana, balle wadda kuka sha nono ɗaya. Ta turo min bahon ruwan magani, ta ce in tsoma takalmana, in na koma kuma in canza kaya kafin in leƙa kajina.

"Yau ni ake gudu?"

Ta daɗe tana kallon silifas ɗin da ke ƙafarta.

"Ni ce abin gudu, ƙanwata. Ranar Juma'a na je wa maƙwabciyata jajen nata kajin. Har ɗakin kajin na shiga, don kada ta ce ban damu ba. Da takalman nan na dawo gida."